Daga Birnin Yauri Zuwa Maga: Ina Rahoton Binciken?

Da asubahin 17 ga Nuwamba, 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga da ke ƙaramar hukumar Danko-Wasagu a jihar Kebbi, suka kashe mataimakin shugaban makarantar, suka tafi da ɗalibai 25. Kwanaki kaɗan bayan haka Gwamna Nasir Idris ya fito bainar jama'a ya ce gwamnatinsa ta samu labarin shirin harin tun da wuri, an zauna da jami'an tsaro, an kuma girke sojoji a makarantar, amma suka janye da misalin ƙarfe uku na dare, kafin a cika awa guda maharan suka iso. Ya nemi a gano wanda ya ba da umarnin janyewar. Tambaya ce mai kyau, sai dai abin lura shi ne wurin da aka yi ta. Mutumin da ake wa kirari da babban jami'in tsaron jiha bai da wani ofishi da doka ta wajabta wa ba shi amsa a rubuce cikin ƙayyadadden lokaci, don haka sai ya yi tambayarsa a gaban 'yan jarida, kamar yadda kowane uba a Maga zai yi da an miƙa masa makirufo. Idan gwamna ke nan, ina ga mai noman albasa a Shanga ko masunci a Wara?

Mutanen masarautar Yauri sun riga kowa sanin wannan shirun. Ranar 17 ga Yuni, 2021, da rana tsaka, mutanen Dogo Giɗe suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka fi ƙarfin 'yan sandan da ke gadi, suka kashe ɗaya, suka kwashi ɗalibai da malamai da dama zuwa daji. An riƙa sako su kashi-kashi, amma 'yan mata 11 suka rage a hannu kusan shekara biyu. Iyaye suka kafa kwamiti suna neman taimakon jama'a, wasu suka sayar da abin da suka mallaka, kuma sai a watannin Afrilu da Mayu na 2023 yaran suka dawo, wasunsu da goyo. A tsawon wannan lokaci an yi ziyarce-ziyarcen jaje, an gabatar da ƙudurori a majalisa, an yi alkawura. Abin da iyayen ba su samu ba shi ne takarda guda daga hukuma da ke bayyana wane gargaɗi aka samu kafin harin, wa ya karɓe shi, me ya yi da shi, minti nawa ɗauki ya yi kafin ya iso, da kuma abin da aka sauya don kada a maimaita. Ra'ayina shi ne a nan ainihin raunin sa ido kan hukumomin tsaronmu yake. Muna da dokoki, muna da kwamitoci, muna yawan bincike, amma binciken da ba a wallafa sakamakonsa ba bai gyara komai, domin jami'in da ya gaji kujerar ba shi da abin koyo daga gare shi, wanda ya yi sakacin kuma ba shi da abin tsoro.

Ba za a ce ikon ne babu ba. Sashe na 88 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane zaure na Majalisar Dokokin Tarayya ikon binciken duk wata ma'aikata ko hukuma da ke kashe kuɗin da majalisar ta ware, domin fallasa cin hanci, gazawa ko almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowa ya ba da shaida, har da sa a kamo wanda ya ƙi zuwa. Sashe na 85 ya ɗora wa Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya duba asusun gwamnati da miƙa rahoto ga majalisa. Babu inda aka ce ban da mai kaki. Haka kuma ba za a ce kuɗin ne ba ya ƙaruwa ba: kasafin 2024 da Shugaba Tinubu ya gabatar ya ware wa tsaro naira tiriliyan 3.25, na 2025 kuma tiriliyan 4.91. Ko an cire abin da faɗuwar darajar naira ta cinye, babu wanda zai ce an mayar da tsaro saniyar ware. Abin da ya ɓace shi ne zaren da ya kamata ya haɗa adadin da ake karantawa a Abuja da sojan da ke tsaye a ƙofar makaranta da ƙarfe uku na dare.

Misali mafi kusa da mu yana can ƙarshen tafkin Kainji. A sansanin sojin sama na Kainji, kusa da New Bussa, aka girke jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano da Najeriya ta saya daga Amurka. A farkon 2018 aka cire kimanin dala miliyan 496 daga asusun rarar man fetur aka biya, sannan a watan Afrilu Shugaba Buhari ya rubuta wa majalisa yana neman amincewarta da abin da aka riga aka yi. Majalisa ta yi kumfar baki, Sanata Matthew Urhoghide har ya kawo batun tsige shugaban ƙasa, aka miƙa maganar ga kwamiti, ƙura ta lafa. Ba ina cewa sayen jiragen kuskure ba ne. An kawo su, kuma suna aiki, wanda ya fi abin da za a iya faɗa game da wasu kwangilolin. Amma duba abin da majalisa ta yi faɗa a kai: an tsallake ta. Ba ta yi faɗa a kan sharuɗɗan amfani da jiragen ba, ko kuɗin kula da su, ko wace barazana aka saye su domin ta. Rukunin farko ya sauka a watan Yulin 2021, makonni biyar kacal bayan sace ɗaliban Birnin Yauri, amma sai da Babbar Kotun Tarayya ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, aka kuma buga hukuncin a jaridar gwamnati a Janairun 2022, kafin, kamar yadda aka yi ta bayani a lokacin, a share fagen amfani da su a kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma. Kowa ya san jirgi ba zai jefa bam a sansanin da yara suke ba. Duk da haka, majalisar da ta karanta kwangila kafin a biya kuɗi da ta san wannan ƙullin tun 2018, ta kuma warware shi kafin jiragen su iso.

Shekarar 2021 ta sake nuna iyakar ƙarfin majalisar. A watan Fabrairu Majalisar Dattawa ta tabbatar da tsofaffin hafsoshin tsaro a matsayin jakadu, makonni kaɗan bayan saukarsu, ba tare da sun ba da cikakken bayanin shekaru fiye da biyar da suka yi a kan mulkin rundunoni ba. A watan Maris Babagana Monguno, mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro a lokacin, ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa sababbin hafsoshi ba su ga makaman da aka ce an saya ba, ba a kuma ga kuɗin ba. Kafin gari ya waye ofishinsa ya ce ba a fahimce shi ba ne. Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin wucin gadi kan sayen makamai, kuma da sabon babban hafsan sojin ƙasa, marigayi Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya bayyana a gabansa a watan Afrilu, amsarsa ita ce bai daɗe da kama aiki ba, a tambayi waɗanda suka yi cinikin. Amsar tana da ma'ana, amma waɗanda suka yi cinikin majalisar ce da kanta ta sallame su zuwa ƙasashen waje. Wata biyu bayan wannan zama aka shiga Birnin Yauri.

Za a iya cewa ai an yi binciken Dasuki. An yi. Kwamitin da Buhari ya kafa a 2015 ya tono batun dala biliyan 2.1 na makamai, an kama Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a Disambar shekarar, an tsare shi shekara huɗu duk da belin da kotuna suka ba shi, an gurfanar da manyan hafsoshi, an ƙwato wasu kuɗaɗe da gidaje. Amma irin wannan bincike yana zuwa ne bayan an sauya gwamnati, kuma yana farautar mutane ne, ba ya taɓa tsarin. Darasin da mai riƙe da ofis yake ɗauka daga gare shi ba shi ne ya gyara littafin ajiya ba, shi ne ya tabbata jam'iyyarsa ba ta faɗi zaɓe ba. Ƙofar da kuɗin suka bi ita ce sashe na 15 na Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007, wanda ya keɓe kayan da suka shafi tsaron ƙasa daga ƙa'idojinta sai in shugaban ƙasa ya amince a bi su. Ga kuma kuɗin tsaro da ake ba gwamnoni da wasu manyan jami'ai ba tare da rasiɗi ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa ya kai kimanin dala miliyan 670 a shekara. Ofishin mai binciken kuɗi, wanda ya kamata ya zama idon yau da gobe, rahotanninsa kan makara da shekaru. Rahotonsa na 2019, wanda ya ce bindigogi 178,459 na rundunar 'yan sanda ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki ƙirar AK-47, sai a farkon 2022 jama'a suka ji labarinsa, kuma har watan Fabrairun 2025 kwamitin asusun gwamnati na Majalisar Dattawa yana kan tambayar 'yan sanda game da wani ɓangare na wannan rahoto. Bindigar da ta ɓace a 2018 ba ta jira zaman kwamiti na 2025 kafin ta yi aiki ba.

Hujjar da aka fi kawowa a kan duk wannan ita ce sirri, kuma ba hujjar banza ba ce. Ƙungiyoyin da suka yi sansani a gandun dajin Kainji suna da masu kai musu rahoto a ƙauyuka, suna sauraron rediyo, kuma an taɓa kai hari barikin Wawa a Oktoban 2022. Babu mai hankalin da zai nemi a sanar da yawan sojojin da ke kwana a wani ƙauye ko hanyar da ayari zai bi gobe. Kamen shugabannin Ansaru biyu da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Nuhu Ribadu ya sanar a Agustan 2025, ciki har da jagoran ƙungiyar Mahmuda da ta addabi yankin Kainji, aiki ne da ba zai yiwu ba da an yi shi a bainar jama'a. Amma akwai bambanci tsakanin sirrin abin da za a yi da sirrin abin da ya riga ya faru. Abin da ya auku a Birnin Yauri a 2021 Dogo Giɗe ya fi kowa saninsa, shi ya shirya shi. Waɗanda ake ɓoye wa su ne iyayen yaran da masu biyan haraji. Farashin buhun shinkafar bariki, kuɗin man mota, alawus ɗin sojan da ke bakin daga, adadin motocin da ke kan ƙafarsu da waɗanda ke kan dutse a gareji, babu ɗaya a ciki da zai ƙara wa ɗan bindiga harsashi. Abin da yake sirri na gaske kuma ana iya duba shi a zaman sirri, da 'yan majalisa kaɗan da aka tantance, su fito da taƙaitaccen bayani ga jama'a. Abin da muke da shi yanzu shi ne zaman sirrin da ake fitowa daga cikinsa da jimla ɗaya: an yi tattaunawa mai amfani.

Hujja ta biyu ta fi ciwo, domin gaskiyarta ta fi yawa: masu sa idon su ma sai an sa musu ido. Ba a manta da Farouk Lawan ba, wanda ya jagoranci binciken tallafin mai a 2012 ya ƙare a gidan yari saboda karɓar cin hanci daga wanda yake bincika. An kuma san yadda ziyarar gani da ido take zama yawon buɗe ido idan hukumar da za a duba ita ce ta kawo mota, ta biya otal, ta tsara abin da za a gani. Mai wannan hujja yana cewa ƙara wa irin waɗannan mutane iko a kan kasafin tsaro ƙara yawan masu rabo ne kawai. Amsata ita ce wannan shi ne dalili mafi ƙarfi na wajabta wallafa rahoto. Rahoton da ke cikin aljihun shugaban kwamiti haja ce, yana da farashi, ana iya sayensa a binne. Wanda doka ta ce dole a buga shi ranar kaza ya daina zama haja. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga duka fuskokin biyu. Bayan kisan sojoji 71 a Inates a Disambar 2019 da 89 a Chinagodar a Janairun 2020, binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro a zamanin minista Issoufou Katambé ya gano kimanin sefa biliyan 76 da suka salwanta ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Masu binciken na cikin gida ne, kuma sun yi aikinsu. Amma gwamnati ba ta so a ga rahoton ba, sai da ya ɓulla ta bayan fage. Aka kama 'yan fafutukar da suka yi zanga-zanga a Yamai a Maris 2020, daga baya kuma aka daidaita da 'yan kwangilar. Ɗan abin da aka dawo da shi, fallasar ce ta jawo shi.

Akwai kuma masu cewa yawan tuhuma yana karya gwiwar sojoji. Wane soja? Ƙaramin sojan da aka tura gadin makaranta da mota ɗaya ba shi ne ke tsoron mai binciken kuɗi ba. Shi ne farkon wanda ke cutuwa idan alawus ya maƙale a hanya ko rediyon sadarwa ya mutu. A watan Maris 2022 an kashe jami'an tsaro fiye da goma a Kanya, a jihar Kebbi, kuma a watan ne aka kashe 'yan sanda huɗu a masana'antar tumatir ta Gafara da ke Ngaski. Iyalansu ma suna da haƙƙin sanin ko kayan aikin da aka ware wa mazajensu kuɗi sun isa hannunsu. Jamus, wadda tarihinta ya koya mata tsoron rundunar da ba mai tambayarta, ta sanya a kundin tsarin mulkinta tun 1956 wani kwamishina na majalisa wanda kowane soja zai iya rubuta wa kai tsaye ba tare da bin ta hannun kwamandansa ba, wanda kuma yake iya shiga kowane bariki ba da sanarwa ba, ya buga rahoto kowace shekara. Afirka ta Kudu ta kafa makamancinsa a 2012. Mu ma rundunarmu ta nuna tana iya hukunta nata idan ta ga dama: bayan da sojojin rakiya suka gudu da miliyoyin naira da aka ɗauko daga Sakkwato a 2019, kotun soja ta samu kwamandan Runduna ta 8, wadda Kebbi ke ƙarƙashinta, da laifi a 2020. Sai dai wannan ya faru ne saboda abin kunyar ya riga ya fito fili. A Tudun Biri, inda jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya kashe aƙalla mutum 85 a taron Mauludi ranar 3 ga Disamba, 2023, Hedikwatar Tsaro ta ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja, amma ba ta ba jama'a rahoton da ya kai ga hakan ba. Shekara guda bayan nan aka sake jefa bam a kan fararen hula a Silame.

Kada a ɗauka sa ido magani ne mai aiki nan take. Ma'aikatar tsaron Amurka ta fara cikakken binciken asusunta a 2018, kuma shekara bayan shekara tana kasa tsallakewa. Bambancin shi ne ana buga sakamakon, a lissafa kowane giɓi, a dawo baɗi a ga wanne aka toshe, kuma ta wannan hanya ɗaya daga cikin rundunoninta, sojin kundumbala na ruwa, ta samu shaidar tsabtataccen asusu na shekarar 2023. Gyara ne na tafiyar hawainiya, amma ana iya auna shi. Attajirin Yauri da ya ba masunci jarin koma da kwale-kwale ba ya shiga ruwa tare da shi, ba ya kuma koya masa inda kifi yake kwana, amma yana bakin gaɓa lokacin da ake sauke kwanduna, yana ƙirgawa, kuma gobe ma yana nan.

Abin da ya kamata wakilan Kebbi ta Kudu su nema, Sanata Garba Maidoki da ɗan majalisar da ke wakiltar Yauri, Shanga da Ngaski, bai kai girman sake kundin tsarin mulki ba. Doka ce da za ta ce duk harin da aka sace ɗalibai, ko aka yi asarar rayuka masu yawa, ko aka kashe fararen hula bisa kuskure, dole Ma'aikatar Tsaro ta miƙa wa majalisa rahoto cikin wata uku, a buga ɓangaren da ba na sirri ba da Turanci da harshen mutanen wurin, sannan bayan shekara guda minista ya dawo ya faɗi shawarwari nawa aka aiwatar. A kuma taƙaita duk wata keɓewa daga ƙa'idojin sayen kayan gwamnati ta tsaya a kan makamai da kayan leƙen asiri kaɗai, ban da abinci, gine-gine, kaki da man fetur. Kwamitin majalisar da zai binciki janyewar sojoji daga Maga ya zo ya zauna a Zuru da Yauri da kuɗin majalisa, ya saurari hakimai, 'yan sa-kai, shugabannin makarantu da direbobin jiragen ruwan da ke tsallaka mutane zuwa Agwara, inda aka kwashe sama da mutum 200 daga makarantar Papiri kwana huɗu bayan Maga. Waɗannan su ne suka san sa'ar da aka buga waya da sa'ar da aka ga ƙurar motar farko. Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ma tana da nata kason da ba sai ta jira Abuja ba. Motoci da baburan da gwamnatin jiha ke saya wa jami'an tsaro, da alawus ɗin da take biya, kuɗin jiha ne, kuma sashe na 128 ya ba ta irin ikon da sashe na 88 ya ba ta tarayya. Tana iya farawa da neman jerin motocin da aka raba tun 2021, da lambobinsu, da ƙaramar hukumar da kowace take aiki a yau.